Ɓarawon da Bai Nemi Ƙanƙara Ba

Sufeto ko zama bai yi ba wayar teburinsa ta ɗauki ƙara. Maigida ne, shugaban caji ofis.

"Bar duk abin da kake yi. An sace ƙwayar cutar mura a cibiyar binciken nan ta bayan asibiti. Ɗauki Saja ku tafi yanzu, kada 'yan jarida su riga ku."

"Ƙwayar cuta, Yallaɓai? A aljihu aka sa ta?"

"Ba wasa na kira ka ba!" Ya kife wayar.

Ina! 'Yan jarida sun riga su, 'yan kallo ma sun riga 'yan jarida. An yi cirko-cirko a bakin ƙofar cibiyar, wasu sun toshe hanci da hannun riga, amma ba wanda ya yarda ya tafi gida. Wani na rantsuwa za a zuba abin a tankin ruwan gari, wani ya ce an riga an zuba. Saja, mace ce marar son hayaniya, ta buɗa musu hanya da gwiwar hannu.

Shugaban cibiyar, wanda kowa ke kira Farfesa, ya tare su a baranda. Dattijo ne siriri, farar rigar aikinsa a karkace don bai daidaita maɓallanta ba.

"Sufeto, don Allah ka fara jin wannan. Ba ƙwayar cuta aka sace ba. Mu ba ma ajiye mai rai a gidan nan."

"To me aka sace?"

"Furotin. Ƙwayar mura tana da wasu 'yan ƙayoyi a jikinta, da su take maƙale wa mutum. Ƙayoyin nan muke ƙerawa su kaɗai, ba tare da ƙwayar ba. Masu bincike su ɗauka su gwada da jinin mutane, su ga ko jiki ya san cutar, ko rigakafi ya kama. Wallahi ko ka shanye akwatin duka, atishawa ɗaya ba za ka yi ba."

"Ka gaya wa na waje haka?"

"Na gaya musu. Sun ce ɓoyewa nake yi."

"In ba ya kisa, me ya sa hankalinka ya tashi haka?"

"Aikin kusan shekara ne. Yau da safe motar wata babbar cibiya ta zo ɗauka, su auna shi su fara aiki da shi. Muka buɗe firiza, wayam."

Ɗakin sanyi yana ƙarshen baranda, ba taga, ƙofa ɗaya, kuma ba a taɓa makullinta da ƙarfe ba. Manyan firiza sun jeru suna gurnani. A gabansu wata mata ce tsaye, mai jiki, ta manyanta, idanunta sun yi ja. Ita ke riƙe da makullin ɗakin, ita ke shirya kayan da za a aika, ita kuma ke dafa sharar cibiyar a tukunyar tururi kowace safiya kafin a fitar da ita. Ma'aikata suna ce mata Uwar Ƙanƙara, har ta daina jin haushin sunan.

Sufeto ya ja ƙofar firizar, farin hayaƙin sanyi ya zubo masa a ƙafa. Ya tsaya yana ƙare wa ciki kallo.

"Yallaɓai, rufe!" Matar ta ture hannunsa ta mayar da ƙofar. Sai kuma ta tuna da wanda take magana. "Yi haƙuri. Ba a barin ta a buɗe. Kayan ciki in suka ji ɗumi sun tashi aiki."

"Duk da ke ake zargi, ta firiza kike yi?"

"Kayan mutane ne a ciki."

"Akwati nawa aka ɗauka?"

"Ɗaya. Na can ciki, bayan wasu."

"Sauran an hargitsa su?"

"Kowane yana mazauninsa. Har ƙaramar ƙofar ciki an mayar."

Saja ta nuna wata safar hannu mai kauri da ke rataye a ƙusa. Matar ta ce da ita ake taɓa kayan ciki, in ba haka ba sanyin ya ƙone fata. A inda ta saba ganin ta ta same ta da safe.

A gefen ƙofa akwai wata farar kula. Sufeto ya ɗaga murfin, ya ga busasshiyar ƙanƙara maƙil.

"Wannan fa?"

"Ta tafiyar yau ce. Jiya na cika ta."

"Ta ragu?"

"Sai ɗan abin da ta saba tashi da kanta. Ba wanda ya ɗiba."

"Kuloli nawa suka ɓace?"

"Ko ɗaya."

Sufeto ya mayar da murfin a hankali. Ɓarawo ya san akwatin da yake so, ya san safa, ya san ƙofar ciki, amma ya tsallake ƙanƙara a bakin ƙofa ya fita da kayan da ɗumi ke kashewa. Saja ta ga yana tauna leɓensa na ƙasa.

"Makullin fa?"

"Yana wuyana." Ta jawo igiyar ta nuna.

"Ya taɓa barin wuyanki?"

"A'a."

Ta amsa da sauri fiye da yadda ya kamata, kuma ba ta dube shi ba.

Wanda ya ƙera furotin ɗin yana babban ɗakin gwaje-gwaje, zaune gaban teburinsa, ya haɗa kai da hannu. Gwani ake ce masa, kuma ba zolaya ba ce. Farfesa ya ce abin da ya gagari kowa a gidan, in ya shiga hannun Gwani sai ya fito. Ya ƙara da cewa ƙanin Uwar Ƙanƙara ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta yi masa hanya ya shigo.

"Yaushe ka tashi jiya?" in ji Sufeto.

"Da yamma, tare da kowa."

"Wa zai so kayan nan?"

"Masu kishi da mu suna da yawa, Yallaɓai. Akwai masu saye."

"Kana zargin yayarka?"

"Haba! Yaya? Ko allura ba za ta ɗauka ba."

A kan teburin akwai wani bokiti cike da ƙanƙara, an soka wasu 'yan bututun roba masu murfi a ciki, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Sufeto ya zaro ɗaya ya riƙe a tafin hannu yana juyawa.

"Irin waɗannan ne aka..."

Bai ƙarasa ba Gwani ya zabura ya fizge abin, har ya murɗe masa yatsa, ya mayar cikin ƙanƙara.

"Hannunka da zafi! Ta murfi ake riƙewa!" Ya sauke numfashi. "Ka gafarce ni. Mu haka muke, jikinmu ke yi kafin mu yi tunani."

"Na lura," in ji Sufeto, yana matsa yatsansa. "Gidan naku duk mafaɗata ne a kan sanyi."

Kafin su fita ya sa aka rufe ginin. Ya ajiye Kofur a baranda, ya ce ko tsinke kada ya fita, ko wane inji kada a kunna sai da izininsa.

Da rana Maigida ya zo da kansa. Waya ta hana shi sakat tun safe, daga sama ake kira, kuma na sama ba su san furotin ba, cuta suka ji.

"Wa ke da makulli?"

"Matar nan, Yallaɓai. Amma..."

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"To me kake jira? Kama ta. Jami'an tsaro na hedikwata za su turo mota gobe da yamma su karɓe ta."

Sufeto ya san waɗancan mutanen. Wanda ya shiga hannunsu da sunan satar cuta, sai 'yan gidansu sun fara manta kamanninsa kafin ya fito, in ya fito ɗin. Ba kuma za su zauna sauraren darasin ƙayoyin mura ba.

"Yallaɓai, matar nan ba ta yi kama da..."

"Kama ba ta cikin aikinmu. Ka kawo mini kayan da ɓarawon kafin motar ta iso, in ba haka ba ita za ta hau."

Da Saja ta sa mata ankwa, Uwar Ƙanƙara ba ta yi gardama ba. Gwani ne ya biyo su har mota yana share hawaye.

"Yaya, kada ki damu. Ba za ki daɗe ba, in Allah ya yarda."

"Auta, koma ciki," ta ce. "Ka duba mini firiza ta tsakiya, murfinta ba ya kamawa sosai."

Washegari da sassafe Saja ta riga Sufeto zuwa ofis, da labari a bakinta. Ta tsaya wajen maigadin cibiyar a hanya.

"Ya ce jiya matar ta zo da wuri kamar kullum. Amma ba ta wuce ɗakin sanyi ba. Benci ta samu ta zauna, sai da ƙaninta ya iso suka shiga tare."

"Ta saba haka?"

"Ya ce bai taɓa gani ba."

Aka fito da Uwar Ƙanƙara daga bayan kanta, inda aka tsare ta. Kwana ɗaya kawai, amma fuskarta ta zabge. Sufeto ya tura mata kujera da kofin ruwa.

"Malama, me kike jira a benci jiya da safe?"

"Ƙafata ce ke ciwo."

"Ƙafa, ko makulli?"

Ta dubi kofin ruwan, ba ta taɓa ba.

"Ki saurare ni da kyau. Yau da yamma wasu mutane za su zo su tafi da ke. Ni ina tambaya da baki. Su ban san da me suke tambaya ba. Makullin a hannun wa ya kwana?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Auta ne ya ce zai ajiye wani abu, ni kuma ina sauri. Na saba ba shi. Doka ta hana, amma ƙanina ne. Da safe ya mayar mini."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Don na san abin da za ku ɗauka. Yallaɓai, ni na goya yaron nan. Kayan nan shi ya yi su, ya rame a kansu, ya daina cin abincin kirki. Wa ke satar abin da ya haifa? Wani ne ya ɗauki makullin a aljihunsa, ban san ko wane ne ba."

Tambayar tata ita ce ta tsaya wa Sufeto a wuya har suka isa cibiyar. Gaskiya ta faɗa, mutum ba ya satar abinsa ranar da za a yaba masa.

Gwani bai ko girgiza ba da aka yi masa maganar makulli.

"E, na karɓa. Amma na mayar mata tun a yammacin, a bakin ƙofa."

"Ta ce da safe."

Ya sunkuyar da kai, ya yi murya irin ta mai jin nauyin magana. "Ban so in faɗa ba. Yaya ta fara mantuwa kwanakin nan. Kuma ta yi wasu baƙin ƙawaye da ban san su ba."

"Jiya ka ce ko allura ba za ta ɗauka ba."

"Har yanzu haka nake fata, Yallaɓai."

Da suka fito baranda Saja ta yi tsaki mai ƙarfi. "Kai, wannan ko ɗan'uwa! Jiya kuka, yau ƙawaye."

"Tsaki ba shaida ba ne, Saja. Maganarsa da tata ce, kuma makulli a wuyanta aka gan shi."

Farfesa yana ofishinsa, ya tasa shayin da ya huce a gaba.

"Ranka ya daɗe, kayan nan da aka sace, masu kyau ne?"

"Mafi kyau da muka taɓa yi."

"Wa ya auna su?"

"Mun auna. Na gani da idona."

"Da hannunka ka auna?"

Dattijon ya gyara tabarau. "Na ga sakamakon."

"A ina?"

"A kwamfutar Gwani."

"Ban da shi, akwai wanda ya taɓa buɗe ko bututu ɗaya?"

"Sufeto, ba a bin bayan Gwani. Kuma duk buɗewa asara ce, in aka narkar aka sake daskarar da shi ƙarfinsa raguwa yake yi." Ya ture kofin shayin gefe. "A'a. Ba wanda ya buɗe."

"Wato waɗanda suka turo mota su ne za su fara aunawa."

"Su ne."

Rana ta riga ta karkata. Wayar Sufeto ta yi ƙara, Maigida ne, ya ce motar hedikwata ta kamo hanya. Sufeto ya ce to, ya kashe.

A baranda Kofur ya ƙame ya sara masa.

"Akwai matsala?"

"Babu, Yallaɓai. Sai dai mutumin nan, Gwani, ya ishe ni da zarya. Wai in bar shi ya kunna tukunyar dafa shara, sharar ta kwana za ta yi wari. Na ce ba izini. Ya tafi ya dawo, har lemo ya kawo mini."

"Ka sha?"

"Na sha, Yallaɓai. Amma ban bar shi ba."

Sufeto ya juya wajen Farfesa da ya biyo su. "Gwani ya saba dafa shara?"

"Gwani? Ko inda makunnin tukunyar yake ban ce ya sani ba. Aikin yayarsa ne."

"In aka dafa, me ke faruwa da abin da ke ciki?"

"Roba ta narke ta cure, sai a kai a ƙone. Ba ka gane komai."

"Rabon da a dafa fa?"

"Tun shekaranjiya da safe. Jiya ba ta kai ga yi ba aka gano satar, ku kuma kuka rufe gidan."

Sufeto ya damƙi hannun Saja. "Ɗauki mota. Ki je ki taho mini da matar nan yanzu. In Maigida ya tambaya, ki ce za ta nuna mana inda ta ɓoye kaya. Ki yi gudu!"

Ɗakin wanke-wanke ƙarami ne, tukunyar tururi ta cinye rabinsa. A lungu jajayen ledoji ne a tare, an ɗaure bakin kowace. Sufeto ya tara su duka a ciki, Farfesa da Gwani da Kofur. Can sai ga Saja ta shigo da Uwar Ƙanƙara, ankwa a hannunta ta gaba. Gwani ya kau da kai.

Saja ta sa safar roba da takunkumi, ta shimfiɗa leda a ƙasa, ta fara zazzage jajayen ledojin ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin safofi, auduga, fasassun faranta na roba. Wari ya cika ɗakin. Wayar Sufeto ta yi ta kuka a aljihu, bai ɗauka ba.

Leda ta ƙare, wata ta ƙare. Babu.

Saja ta ɗago ta dube shi. Saura biyu. Ya yi mata alama da kai ta ci gaba.

Ta ɗaga gindin ta kusa da ƙarshe, sai wani ƙunshin safofi ya faɗo ya warware. 'Yan bututu masu shuɗin murfi suka watsu a ƙasa suna gangarawa, ruwan cikinsu ya narke sarai.

"Su ne!" Uwar Ƙanƙara ta ƙwala ihu. "Ƙanƙara! Ku kawo ƙanƙara!"

Ba ta jira kowa ba. Ta banke Kofur ta fita a guje, da ankwar da komai. Farfesa, dattijon da ke dafa bango in zai hau matakala, ya zube a kan gwiwoyinsa cikin shara yana tsince su ta murfi, yana cewa, "A hankali, kada a taka, kada a taka!" Nan da nan ta dawo rungume da bokitin ƙanƙara a ƙirji, ta durƙusa kusa da shi, suna sokawa ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto bai dubi bututun ba. Gwani yake kallo. Yana nan tsaye inda yake, hannayensa biyu cikin aljihun farar rigarsa. Wani bututu ya gangaro har ya daki takalminsa, ya dube shi, ya ɗauke ƙafa.

Da ya ga idon Sufeto a kansa, sai ya yi gyaran murya.

"Yaya," ya ce a hankali, "sharar nan ai ke kaɗai ke taɓa ta. Me ya kai su ciki?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙanƙarar. Ta ɗago ta dube shi kamar ba ta ji da kyau ba.

"Gwani," in ji Sufeto, "jiya ka kusa karya mini yatsa a kan bututu ɗaya. Ka ce jikinku ke yi kafin ku yi tunani. Yau ga aikin shekararka a ƙasa, tsoho ya durƙusa, mai ankwa ta yi gudu. Kai jikinka ina ya tafi?"

"Ai sun riga sun lalace. Sun kwana a ɗumi."

"Ba lallai ba ne," Farfesa ya faɗa daga ƙasa. "Sau da yawa ana ceto wani abu. Kai ma ka sani."

"Na ruɗe ne."

"Ranka ya daɗe," Sufeto ya ce da Farfesa, "furotin in ya lalace, ɓacewa yake yi daga cikin ruwan?"

"A'a. Yana nan, aiki ne kawai ba zai yi ba."

"Akwai hanyar da jahili irina zai gani da ido ko yana ciki?"

"Akwai wani ruwa mai launin ƙasa. In ya haɗu da furotin sai ya koma shuɗi nan take."

"Kawo shi."

"Yallaɓai, ɓata kaya ne kawai..." Gwani ya fara.

"Kayan da ka ce sun lalace?"

Suka ɗunguma babban ɗaki. Farfesa ya jera ƙananan kwalabe, ya zuba ruwan mai launin ƙasa a kowace. Ya fara da wani furotin na daban daga firiza, don kowa ya ga yadda abin yake. Ɗigo ɗaya, ruwan ya juye shuɗi. Kofur har ya ce, "Ikon Allah!"

Sannan ya buɗe ɗaya daga cikin na sharar. Ya ɗiga. Suka zuba ido.

Launin ƙasa.

Ya girgiza kwalbar, ya ɗaga ta saitin fitila. Ya buɗe wani bututun, ya ƙara yawan ɗigon. Ya buɗe wani. Ba wadda ta canza.

"Babu komai a ciki," ya ce. "Ruwan gishiri ne."

A waje aka ji ƙarar mota ta tsaya, da buɗe ƙofofi.

Gwani ya nemi kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon kwalaben.

"Bai fito ba," ya ce. "Ƙwayoyin halittar da nake kiwo a kwalba su ƙera mini furotin ɗin suka mutu. Na sake, suka sake mutuwa. Farfesa kuma ya riga ya tsaya gaban taro ya ce Gwani ya kusa gamawa. Kullum a tambaye ni, in ce saura kaɗan. Ran nan bakina ya ce ya fito. Kowa ya yi ta tafi. Sai na cika bututun da ruwa na sa a firiza, na haɗa sakamako. Na ce kafin a zo ɗauka zan yi na gaske in musanya, ba wanda zai sani. Wallahi na yi ta gwadawa. Ya ƙi."

"Da ka zo ka ce mini ya ƙi," in ji Farfesa, "me zan yi maka? Kowa nasa na ƙi. Nawa ma ya sha ƙi."

"Kowa, amma ban da ni. Kai ka ce ba a bin bayana."

Farfesa ya cire tabarau ya rufe ido da hannu.

"Sai ka karɓi makulli," in ji Sufeto, "ka zuba su a shara, don da safe yayarka ta dafa maka su da hannunta."

"Na ɗauka za a ce ɓarayi ne, a yi surutu a manta. Ban san za a kira shi cuta ba. Ban san za a kama ta ba."

"Jiya ba ka sani ba. Yau da ka ce tana da baƙin ƙawaye fa?"



Takun takalma ya cika baranda. Maigida ya shigo da wasu mutum biyu masu baƙaƙen kaya, fuska ba annuri. Sufeto ya tare su a bakin ƙofa, ya nuna musu kwalaben, Farfesa ya yi bayani, Gwani ya maimaita abin da ya faɗa kansa a ƙasa. Babban cikinsu ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba, ya ajiye.

"Wato saboda ruwan gishiri aka taso mu?" Ya harari Maigida. "Wannan naku ne. Ku ji da shi."

Saja ta buɗe ankwar daga hannun Uwar Ƙanƙara. Ƙarfen ya bar mata shaida a wuyan hannu. Ta juya ta maƙala wa Gwani.

Har Kofur ya kama shi za su fita, matar ta miƙe.

"Auta."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Da ba a buɗe ledar nan ba, da ka bari na hau motar can?"

"Yaya, na san Farfesa zai yi ƙoƙari ya..."

"Ban tambaye ka Farfesa ba."

Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin firiza daga can ƙarshen baranda. Ta jira. Kowa ya jira tare da ita. Bakinsa ya motsa, amma ba abin da ya fito. Kofur ya ja shi suka wuce.

Saja ta zaro wayar matar daga cikin ambulan ɗin da aka ajiye kayanta, ta kunna ta miƙa mata. Ko gama kamawa ba ta yi ba ta fara ƙara. Uwar Ƙanƙara ta dubi sunan, ta rufe ido, sannan ta kai kunne. Muryar tsohuwar mahaifiyarsu ce, mai ƙarfi irin ta wadda kunnenta ya yi nauyi, har Sufeto na jin ta daga inda yake.

"Alhamdu lillahi! Sun sake ki? Ai na sani. Auta ya ce mini kada in yi kuka, shi da kansa zai kawo ki gida yau. Yana nan kusa da ke? Ba shi in sa masa albarka."

Ta tagar ɗakin ana hango motar 'yan sanda tana fita daga ƙofa, 'yan kallo na darewa.

"Inna," ta ce, "ki zauna tukuna. Ga ni nan zuwa ni kaɗai."